Moɗa Mai Jan Zare: Rayuwar Rahila Ishaya ta Shagari

Haihuwa da Asali

An haifi Rahila a garin Bodinga cikin watan Agusta na shekarar 1951, ana tsakiyar damina. Mahaifinta shi ne Malam Bawa, mutumin ƙasar Zuru, wanda aikin gyaran hanya ya kawo shi yankin Sakkwato, wuri ya karɓe shi, ya zauna. Mahaifiyarta kuwa Ladi ce, wadda ta yi suna wajen suyar ƙosai a bakin tasha, har direbobin manyan motoci suka riƙa taka birki a Bodinga ba don komai ba sai don kaskonta. Gidansu na cikin 'yan gidajen Kirista ƙalilan da ke garin a wancan zamani, kuma a wata rumfar zana da ke bayan gidan ne masu bi suke taruwa sujada kowace Lahadi. Rahila ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma waɗanda suka san ƙuruciyarta sun shaida cewa yarinya ce mai surutu da dariya, wadda ba ta iya wuce mutum ba ta tsokane shi ba.

Makaranta da Bayyanar Cuta

A shekarar 1958 aka sa ta makarantar firamare ta garin, inda ta nuna hazaƙa musamman a karatu da rubutu. Tana aji biyar, cikin shekarar 1962, wani malamin lafiya da ya zo duba ɗalibai ya ga wani farin tabo a kafaɗarta. Ya sa ta rufe ido, ya soka mata tsinin allura a wurin, yarinya ta ci gaba da dariya domin ba ta ji komai ba. Wannan dariya ita ce ta ƙarshe da aka ji daga bakinta a wannan makaranta, gama a ranar aka tabbatar da cewa kuturta ce ta kama ta.

Bayan mako biyu mahaifinta ya kai ta wani asibitin kutare na mishan da ke wajen birnin Sakkwato, inda ta yi shekara shida tana shan magani. A can ta kammala karatunta na firamare, a can ta koyi wanke miki da ɗaure shi, a can kuma aka yi mata baftisma a shekarar 1966. Cutar ba ta tafi haka kawai ba, sai da ta lanƙwashe mata yatsu biyu na hannun hagu. Amma a watan Disamba na 1968 likita ya tabbatar da cewa ta warke sarai, ba ta iya sa wa kowa, aka ba ta takardar sallama mai hatimi, ta naɗe ta a gefen zane ta nufi gida tana murna.

Komawa Bodinga

Ranar da ta iso, mahaifiyarta ta yi guɗa, ta yanka kaza, ta yi kukan farin ciki a gaban maƙwabta. Babu mai shakkar ƙaunar Ladi ga ɗiyarta, kuma ya wajaba tarihi ya faɗi haka. Sai dai da Rahila ta nufi randar tsakar gida za ta sha ruwa da moɗar da kowa ke sha, uwar ta riƙe mata hannu, ta shiga ɗaki ta fito da wata sabuwar moɗa ta kwano, fara mai bakin shuɗi, an ɗaura mata jan zare a mariƙi don kada a haɗa ta da sauran. Ta ce, "Wagga taki ta, ɗiyata. Ki yi haƙuri, kin san idon masu sayen ƙosai." An riga an kafa ƙusa a jikin bango, nesa da randa, inda za a riƙa rataye ta. Rahila ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

Kwana goma bayan haka, ranar Kirsimeti, aka yi Jibin Ubangiji a rumfar zana, wato cin gurasa da sha daga ƙoƙo ɗaya da masu bi ke yi don tunawa da mutuwar Almasihu. Dattawan ikilisiya, mutanen kirki masu tsoron Allah, sun zauna tun jajibiri sun yi shawara kan yadda za a yi da ɗiyar Bawa ba tare da an ɓata mata rai ba. Dabarar da suka ga ta fi kyau ita ce a aika gida a ɗauko moɗarta, a tsiyaya mata rabonta a ciki. Kaico! Sun ɗauka karamci suka yi mata. Ƙoƙon ya zaga hannu zuwa hannu, baki zuwa baki, ya tsallake ta, ita kuma tana tsaye a gefe da moɗa mai jan zare. Daga wannan rana Rahila ba ta sake tsayawa Jibin Ubangiji ba har shekara ashirin da shida. Takan zo sujada ta zauna a bencin baya, da zarar ta ga an yaye farin ƙyallen da ke kan tebur sai ta sulale ta fita.

Aiki

A shekarar 1970 aka ɗauke ta aikin wanke miki a ɗakin shan magani na Bodinga. Saboda babu mai son zuwa wurin kutare, ita aka ɗora wa zagayen ƙauyuka, tana takawa a ƙasa zuwa Sifawa ranar Litinin, Danchadi ranar Alhamis, tana raba ƙwayar magani a gindin tsamiya, tana wanke gyambon da ko 'yan'uwan mai shi ba sa iya kallo. Ta yi aikin da gaskiya da natsuwa, hannunta kuma ya yi suna wajen sauƙi. Abin takaici shi ne mutanen da take wanke wa ƙafa su ne idan ta nemi ruwa a gidajensu sukan zuba mata a tafin hannu daga sama. Don haka moɗarta ba ta rabuwa da jakarta, kuma ta daina jira a nuna mata iyakarta, ita da kanta take ja da baya tun kafin a yi magana.

Aure da 'Ya'ya

A watan Afrilu na 1973 ta auri Malam Ishaya Tanko, malamin asibiti da aka turo Bodinga, mutum mai barkwanci da taurin kai, wanda ya san ilimin cutar sarai, ya kuma yi watsi da surutan danginsa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Hannatu a 1974, Dauda a 1977, Lidiya a 1980, da Iliya a 1984. A shekarar 1981 aka yi musu canjin wurin aiki zuwa Shagari, suka sami gida a bakin hanyar da manoman albasa ke bi zuwa fadama, a nan kuma ta ƙare sauran rayuwarta.

Malam Ishaya ya yi yaƙi da wannan moɗa iyakar ƙarfinsa, bai ci nasara ba. Sau biyu yana ɓoye ta, sau ɗaya a cikin rumbu, sau ɗaya a saman rufin ɗaki, Rahila ta wuni da ƙishirwa har sai da ya fito da ita. Yakan ɗauke ta da gangan ya sha a gabanta yana lumshe ido, yana cewa ruwan moɗar nan ya fi na kowa sanyi. Ita kuma sai ta jira ya fita, ta goge ta da toka sau uku. Ba ta taɓa ɗanɗana kunun jaririnta da ludayin da za ta ba shi ba. Takardar sallama tana cikin akwati da hatiminta, jiki ya warke tuntuni, amma matar nan ta yarda har cikin ranta cewa ita abin ƙyama ce a wurin mutane, wataƙila ma a wurin Allah.

Mahaifiyarta ta rasu a 1987. Rahila ta je Bodinga, ta yi duk hidimar da ta kamaci ɗiya, amma ko ɗigon hawaye ba a gani a idonta ba, kuma daga nan ba a sake jin ta ambaci sunan uwar ba. Malam Ishaya ya bi baya a watan Yuni na 1992 bayan gajeriyar jinya, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da wannan ciwo da ba ya ganuwa.

Shekarar Jarrabawa

A shekarar 1994 ɗan Dattijo Markus ya nemi auren Hannatu. Shi Markus tsohon ɗan sanda ne, kuma babban dattijo a 'yar majami'ar Shagari, wadda yawancin masu zuwanta malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da aka turo daga wurare daban-daban. An kai gaisuwa, an raba goro, an sa rana. Ana saura mako biyar, cikin watan Satumba, Markus ya aiko da saƙo cewa ya binciki asali, kuma ba zai haɗa zuri'arsa da jinin kuturta ba.

Hannatu ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba. Da uwar ta shiga rarrashinta, tana cewa ta fita ta gaya wa mutane cewa cutar ba ta bin jini, sai yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Inna, mi za ni ce musu? Ko mu ɗiyanki ba ki taɓa bari mun sha da moɗarki ba." Rahila ta faɗa daga baya cewa duk cin mutuncin da ta sha a duniya bai kai wannan magana zafi ba, domin gaskiya ce tsantsa. Ta gane cewa jan zaren da aka ɗaura mata tana da shekara goma sha bakwai, ita da hannunta take shirin ɗaura shi a wuyan ɗiyarta.

Watanni Bakwai na Addu'a

Tun daga farkon Oktoba na 1994 ta ɗauki wata al'ada da ba wanda ya koya mata. Kowace safiya kafin ta tafi aiki takan karɓi mabuɗin majami'a, ta shiga ita kaɗai, ta ajiye moɗar a kan bencin gaba, ta durƙusa a bayanta. Ita da bakinta ta ce abin da ta yi a makonnin farko ba addu'a ba ce, ƙara ce ta kai, tana tuhumar Ubangiji da murya mai ƙarfi, tana tambayarsa laifin da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta yi masa. Matan zumunta na majami'a da suka ji labari suka so su riƙa raka ta, Fasto Bitrus Dikko, wanda ke kula da ikilisiyar a lokacin, ya ce su bar ta, su dai riƙa yi mata addu'a daga gidajensu.

Sannu a hankali faɗan ya huce, ta koma karatun Maganar Allah, tana maimaita labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu tun kafin ya warkar da shi. Wannan tsari na taɓawa kafin warkarwa ya tsaya mata a rai ƙwarai, ta yi ta juya shi kwana da kwanaki. Daga nan ta fara kiran sunayen waɗanda suka ɓata mata, ɗaya bayan ɗaya, kowace safiya suna guda, tana roƙa wa mai sunan alheri ko da bakinta na ɗaci. Ta kira dattawan Bodinga, ta kira matan Danchadi, ta kira Markus. Suna ɗaya ne ya gagara. Wata shida cur tana buɗe baki yana maƙalewa, sai ranar Jumma'a Mai Kyau, 14 ga Afrilu, 1995, ta iya cewa, "Ya Ubangiji, ga Ladi, uwata. Tsoro ta ji, ba ƙi ba." A nan kukan da ta riƙe tun ranar jana'izar uwar ya ɓalle, har mai sharar majami'a ta ajiye tsintsiya ta tsaya a waje tana kuka ita ma, ba ta san dalili ba.

Lahadin Tashin Almasihu

Ranar Lahadi, 16 ga Afrilu, 1995, mutum talatin da ɗaya ne a majami'a. Da aka yaye farin ƙyallen, idanu suka koma bencin baya kamar yadda aka saba, sai aka ga Rahila ba ta tashi ba. Fasto Bitrus ya ɗauki ƙoƙo, ya wuce dattawa, ya wuce bencin gaba duka, ya je ya tsaya a gabanta. Ta ce, "Ranka shi daɗe, a tsallake ni." Ya ce, "Mama, teburin nan ba nawa ba ne. Ba ni da ikon tsallake wadda Mai tebur ya gayyata." Ta sa hannu biyu, har da na hagu mai lanƙwasassun yatsu wanda kullum take ɓoyewa cikin mayafi, ta karɓa ta sha. Hannatu ce ta karɓa daga hannunta, ta sa baki daidai inda uwar ta sa.

Ba za a ce kowa ya sha ba, domin tarihi ba ya son ƙari. Mutum huɗu sun miƙa ƙoƙon gaba ba su kai shi baki ba, na farkonsu kuwa Dattijo Markus, a kan idon kowa, a kan idonta. To, a nan ne abin al'ajabin yake, kuma shi ne dalilin rubuta wannan tarihi. Rahila ta shaida a gaban matan zumunta cewa ta ga abin da Markus ya yi sarai, ta jira zafin nan da ta sani shekara ashirin da shida ya taso, ta laluba zuciyarta lungu-lungu tana neman inda yake, ba ta tarar da shi ba. Ikon Allah! Mutane ba su canza ba, yatsu ba su miƙe ba, auren da aka fasa bai dawo ba, amma matar da ta fito daga majami'a a wannan rana ba ita ce ta shiga ba. Da suka isa gida ta tara 'ya'yanta huɗu a bakin randa, ta ɗebo ruwa da moɗa mai jan zare, ta sha, ta ba su suka sha.

Randar Ƙofar Gida

A watan Nuwamba na wannan shekara ta sayi babbar randa, ta girke ta a ƙofar gida a kan yashi mai laima don masu wucewa zuwa fadama, kamar yadda masu neman lada ke yi a ƙasar nan. Moɗar da ta rataya a ƙusa kusa da randar ita ce dai wannan, ba ta kuma kwance jan zaren ba. Dauda ya roƙe ta ta sayi sabuwa ko mutane sa sha, ta ce ba za ta yaudari kowa ba, mai sha ya san abin da yake sha da shi.

Shekara ɗaya da wata biyar babu wanda ya taɓa wannan randa sai awaki da ke lasar gindinta. Mutane kan ratse ta ɗaya gefen hanya, wasu na dariya a ɓoye. Duk da haka kowace safiya takan juye ruwan jiya a gindin wani ɗan dogon yaro da ta dasa, ta wanke randa, ta cika ta da sabo, tana 'yar waƙarta. A watan Afrilu na 1997, ana tsananin zafin bazara, maƙwabcinta Malam Attahiru, Musulmi manomin albasa, ya taso daga fadama da buhu a kan jaki, ya tsaya ya ce, "Inna, ruwanga na sha na, ko na kallo?" Ta ce, "Malam, ka dai san ko ni wa ce." Ya ce, "Na sani mana. Hannunga naki ya wanke mini miki bara waccan, ga ni ban mutu ba." Ya yi bisimilla, ya shanye moɗa biyu, ya yi hamdala, ya kora jakinsa. Kafin damina ta faɗi sai da ta riƙa cika randar sau uku a yini.

Shekarun Ƙarshe

Hannatu ta yi aure a 1998 da wani malamin makaranta, aka yi biki a ƙofar gidan nan. A shekarar 2003 ciwon sukari ya ci ƙafar Dattijo Markus, miki ya yi wari har iyalinsa suka riƙa toshe hanci. Rahila ta ɗauki jakar aikinta ba tare da an kira ta ba, ta yi wata huɗu tana zuwa kullum tana wanke masa. Bai taɓa buɗe baki ya nemi gafara ba, ita ma ba ta nemi ya yi hakan ba. Abin da kawai aka sani shi ne, kwana biyu kafin rasuwarsa ya ce a je a ɗebo masa ruwan randar Rahila, kuma a kawo shi cikin moɗar.

Ta yi ritaya a 2005 bayan shekara talatin da biyar tana aiki. Dogon yaron ya girma ya yi inuwa, inuwar kuma ta zama wurin zaman matan da duniya ta nuna wa yatsa, marasa haihuwa da masu farfaɗiya da waɗanda aka yi wa sharri. Kirista takan riƙe hannunsu su yi addu'a tare, Musulmi kuwa takan saurare su har su gama, ta ba su ruwa, ta ce su je su kai wa Allah kukansu kada su rage komai. Surutunta da tsokanarta na ƙuruciya sun dawo mata a tsufa, har jikoki na cewa Kaka ba ta barin kowa ya huta.

Rasuwa da Jana'iza

Rahila Ishaya ta rasu da hantsin ranar Talata, 19 ga Maris, 2024, a gidanta da ke Shagari, bayan jinyar mako uku, tana da shekara saba'in da biyu. Wasiyyarta ɗaya ce: kada randa ta kwana babu ruwa, kada kuma a kwance zaren. An yi sujadar jana'iza ranar Jumma'a, 22 ga wata, aka binne ta kusa da kabarin mijinta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Hannatu, malamar makaranta a Sakkwato, Dauda, ma'aikacin gona a Bodinga, Lidiya, ungozoma, da Iliya, wanda ke zaune a gidan, tare da jikoki goma sha uku.

Rasuwar ta faɗo cikin watan azumi, don haka maƙwabtan da suka cika ƙofar gida suna ta'aziyya tun safe ba wanda ya taɓa randar, ta wuni a cike cikin wannan zafi. Da rana ta faɗi aka kira salla, ba su watse zuwa gidajensu ba. Malam Attahiru, wanda yanzu ya tsufa yana dogara sanda, ya tashi ya ciro moɗar daga ƙusa. Shuɗin fentin bakinta ya riga ya goge ƙarƙaf saboda yawan leɓunan da suka taɓa shi. Ya ɗebo ruwa, ya buɗe baki da shi, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Iliya ya sake cika randar sau biyu kafin layin ya ƙare, kuma ba a tsallake kowa ba.